An Yanka Burtali da Kududdufin Ƙauyenmu Fulotai: Ina Mafita?

Ɗan Gandu:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, na zo da wata damuwa ce wadda ta hana ni sukuni tun ranar Asabar, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san doka da waɗanda suka taɓa ganin irinta. Ƙauyenmu yana arewa da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, amma ba zan ambaci sunansa ba domin maganar ba ta kai gaban hukuma ba tukuna. Na je gida ne don in ga dawar da muka girbe, sai na tarar an kakkafa duwatsun awo na siminti, an shafa musu jan fenti, tun daga bakin gonar kawuna har gindin tsohuwar kukar da ke gangaren fadama. Da na tambaya, aka ce wasu magada ne suka sayar wa dillali gonarsu, dillalin ya sayar wa wani kamfanin gidaje, kamfanin kuma ya kawo masu awo suka yanka ta hamsin da hamsin.

Ba ni da ja a kan gonar da magada suka sayar, domin haƙƙinsu ce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne awon ya haɗiye burtalin da shanu suke bi zuwa rafi, ya ci rabin kududdufin da ruwan gari gaba ɗaya yake gangarawa cikinsa da damina, sannan tsakanin dutsen ƙarshe da shingen maƙabarta bai fi taku goma ba. Matasa sun ce a tumɓuke duwatsun cikin dare. Dattawa sun ce a bar wa Allah, wai ba a ja da mai kuɗi. Ni kuwa duka biyun ba su kwanta mini ba. Shin akwai hanyar da mutanen ƙauye za su bi su tsare abin da yake na kowa da kowa ba tare da an kwana a ofishin 'yan sanda ba?

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ka gani ranar Asabar ni na gan shi yana tafowa tun ina yawon aiki a kan babur. Duk mai son ya san abin da Kano ta cinye, ya saurari sunayen unguwanninta kawai: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Gata, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka. Waɗannan duk sunayen itatuwa ne, kuma ba a banza aka sa su ba, amma yau yaro zai girma a Ɗorayi bai taɓa ganin tutun ɗorawa a kan reshe ba. Har cikin badala ma gonaki ne a da, domin waɗanda suka gina ganuwa sun bar fili mai yawa a cikinta saboda a yi noma idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya, kuma Baturen Jamus Barth da ya zo a 1851 ya tarar da gonakin nan.

Abin da nake so matasa su gane shi ne, ƙasar da ke kewaye da Kano ba irin kowace ƙasa ba ce. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne ana noma gona ɗaya kowace shekara ba a barinta ta huta, amma ba ta mutuwa. Sirrin kuwa taki ne. Jakuna su kai itacen girki birni, su dawo da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida, a zuba a gona tsibi-tsibi kafin ruwan fari. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina wannan ƙasa da mangala ɗaya-ɗaya, kuma tifa ɗaya ta burji ta isa ta binne aikin nan har abada.

An taɓa yi wa birnin tsari. Akwai tsarin Trevallion na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma birnin ya zarce abin da aka zana masa tun da daɗewa, kuma mafi yawan abin da ya ƙaru awon igiya ne. Don haka ina tare da kai, ɗana, amma ka cire maganar tumɓuke duwatsu daga bakin yaran nan tun kafin ta zama aiki.

Mai Haya a Birni:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da magana, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan ta yi ɗaci. Shekarata goma sha ɗaya ina haya a ciki da falo tare da iyalina mu bakwai, kuma duk shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi. Burina a duniya shi ne in samu hamsin da hamsin ko a ina ne, in kafa ɗaki biyu in rufa da kwano. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan tara, kuma kowa ya san yadda muka ƙaru daga lokacin zuwa yau. Waɗannan mutane a sama za su kwana?

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mafi yawan masu kukan an cinye gonaki suna zaune ne a gidajen da aka gina a kan gonakin wasu. Wanda ya samu fuloti a Rijiyar Zaki ko Hotoro shekaru talatin da suka wuce, shi ne yau yake cewa a bar karkara yadda take. Ya hau bene ya janye tsani. Sannan manomin da ake cewa kada ya sayar, wa ya tambaye shi nawa yake samu? Idan gonar da take ba shi buhu biyar na gero a shekara za ta iya saya masa Adaidaita Sahu ta aurar masa da 'ya, ban ga wanda yake da hurumin hana shi ba.

Maman Marayu:

Malam Mai Haya ya faɗi wani abu da ni na ɗanɗana. Da maigidana ya rasu, aka raba gonar mahaifinsu tsakanin magada goma sha huɗu, kason da ya faɗo wa 'ya'yana ko garmar shanu ba za ta iya juyawa a cikinsa ba. Kafin a yi sadakar arba'in dillalai uku sun yi sallama a ƙofar gida. Na sayar, na biya kuɗin makaranta, kuma ban yi nadamar wannan ba. Nadamata ɗaya ce: ba a gaya mana cewa hanyar ruwa ce za a toshe ba. Damina biyu bayan an yi gine-gine, ruwa ya rasa inda zai bi, ya shigo cikin gari ya kwantar da katangun ƙasa, har da ta gidan da nake ciki. Mu mata ba a kiranmu wurin ciniki, sai dai a kawo takarda a ce mu dangwala, alhali mu ne muke kwashe ruwa da roba cikin dare, mu ne kuma muke rasa kuka da kalwa da ɗinya idan an sare itatuwa. Ɗan Gandu, idan za ku kafa kwamiti, ku sa mata a ciki, kuma ba don cika lissafi ba.

Barista:

Ina yi wa kowa sallama. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Zan yi ƙoƙari in bayyana abin da doka ta ce a sauƙaƙe, da sharaɗin cewa Ɗan Gandu zai kai takardunsa wurin lauya ido da ido, domin shari'ar fili ba a yanke ta daga nesa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 3 ya ba shi ikon ayyana wuraren da suke birni, sauran kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin zama na gargajiya a kansu bisa sashe na 6. Saboda haka tambayar farko da za ku nemi amsarta a rubuce ita ce: ƙauyenku yana cikin yankin da aka ayyana birni ko kuwa? Ƙauyuka da yawa na kewayen Kano sun daɗe da faɗawa cikin birni a takarda, mazaunansu ba su sani ba. Idan yana ciki, to babu wanda yake da ikon yanka fulotai ya sayar sai da tsarin da hukumar tsara birane, wato KNUPDA, da ma'aikatar ƙasa suka amince da shi, kuma kuna da damar ku rubuta ku tambaya ko akwai wannan amincewar. Idan kuwa ba ya ciki, akwai sashe na 36, wanda mutane ƙalilan ne suka san shi. Sashen ya bar wa manomi gonar da yake riƙe da ita tun kafin dokar, amma ƙaramin sashe na 5 ya hana a rarraba irin wannan ƙasa ko a yanka ta fulotai ko a mayar wa wani ita, na 6 kuma ya ce takardar irin wannan ciniki ba ta da inganci. Sai dai in gaya muku gaskiya, wannan takobi ne mai kaifi biyu, domin ba a cika aiki da shi ba, kuma idan aka zare shi zai sari cinikin da 'yan garinku da kansu suka yi shekara da shekaru.

Shawarata ita ce ku bar gonar magada, ku tsaya a kan burtali da kududdufi da maƙabarta. Magada ba za su iya sayar da abin da ba su gada ba, wannan ƙa'ida ce da kowace kotu ta sani. Matsalar ita ce hujja. Kamfani zai zo da taswirar safiyo mai hatimi, ku kuma ku zo da "kowa ya sani", kuma a gaban alƙali takarda tana rinjayar "kowa ya sani". Don haka ku ɗauki safiyo mai lasisi ya auna muku waɗannan wurare uku, ku tara dattawan da suka haura saba'in su faɗi iyakoki a rubuta su rantse a kai, ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, ku nemo tsofaffin hotunan sama na Google Earth da suke nuna kududdufin cike da ruwa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista da amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, domin ta iya shigar da ƙara da sunanta. Sannan ku rubuta ƙorafi ku kai wa dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma da KNUPDA, kowanne ya buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Idan aka fara zuba yashi kafin a amsa, lauya zai nemi kotu ta dakatar da aiki har a gama shari'a.

Akwai kuma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta bincike kafin a gina rukunin gidaje mai faɗin hekta 50 ko fiye, tare da ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. Amma awon da ake yi gona-gona ba ya kaiwa wannan girma, shi ya sa ƙauye guda yake ƙarewa ba a taɓa yin binciken ko sau ɗaya ba.

Ɗan Gandu:

Na gode ƙwarai, Barista, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage mini. Ana raɗe-raɗin cewa idan muka yi taurin kai, masu kamfanin za su bi ta sama a karɓe gonakin gaba ɗaya da sunan gwamnati. Hakan yana yiwuwa?

Barista:

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka, amma saboda maslahar jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti, kuma dole a ba mai fili sanarwa. Kotun Ƙoli ta sha rushe ƙwacen da aka yi don kawai a miƙa wa wani ɗan kasuwa, ko wanda aka yi ba tare da sanarwa ta isa hannun mai fili ba. Abin da ya kamata manoma su sani shi ne sashe na 29: diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato shuka da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan tsoron ne dillalai suke amfani da shi, su ce wa manomi ya sayar yau kafin gwamnati ta zo gobe ta biya shi kuɗin karan dawa. Idan kun ji irin wannan magana, ku nemi a nuna muku sanarwar a rubuce.

Ɗalibin Fiƙihu:

Allah ya gafarta malamai. Ina so in ƙara da ɓangaren shari'ar Musulunci, domin a ƙauye maganar liman a kan mumbari takan fi takardar lauya saurin shiga kunne. Hadisi ya zo cewa mutane suna tarayya a abubuwa uku: ruwa da ciyawa da wuta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Wannan shi ne hima, kuma a ganina burtali da makiyaya jikokinta ne. Malamai kuma sun yi bayanin harimin rijiya da na rafi da na gari, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cutar da jama'a ba.

Abu biyu za su yi muku amfani kai tsaye. Na farko shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan magada suna tarayya a gonar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare kasonsa, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Haƙƙin na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, yana faɗuwa da zarar an raba an sa iyaka, kuma wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Gidaje da yawa sun rasa gandunsu ne saboda ba su san wannan ba. Na biyu waƙafi. Idan masu hali na garinku suka sayi gefen kududdufi ko filin da ke jikin maƙabarta suka yi waƙafinsa, aka rubuta a gaban alƙali da shaidu, to ya fita daga ciniki da gado gaba ɗaya. Muna gina masallatai biyu a layi ɗaya, alhali babu wanda ya tuna ya yi waƙafin inda za a binne masallatan.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Abin da Barista ya ce game da takarda shi ne muka koya da wahala. A Yamai an soma dasa zoben itatuwa kewaye da birni a 1965, mafi yawansu dogon yaro, har ya haura hekta 2,000. Gwamnati ce ta dasa, a kan gonakin mutane, kuma ba a warware maganar masu gonakin yadda ya kamata ba. Da birni ya matso, filin ya yi daraja, sai aka riƙa yanka shi ana sayarwa, yau wurare da dama sai dai a nuna maka inda itatuwan suke a da. A nan yankin Maraɗi da Damagaram kuwa, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona ana yi masa aski, kuma an ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Bambancin shi ne manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, shi zai ci moriyarsa, don haka shi ne mai gadinsa.

Muna kuma da dokar karkara ta 1993 wadda ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda maigari da wakilan manoma da makiyaya da mata suke zama, a shata burtali a kafa masa alamu, a rubuta cinikin gona da aro da jingina. Ba ko'ina suke aiki da kyau ba, amma inda aka kafa alamun burtali kowa yana gani, mai son ci yakan ji kunya. Ko babu irin wannan doka a wajenku, babu abin da ya hana gari ya shata nasa ya rubuta.

Mazaunin Ingila:

Ina karatu a nan Ingila, kuma wannan rigima ita ce abincin yau da kullum a ƙauyukansu. Suna da ƙungiyar kare karkara da ake kira CPRE, wadda aka kafa a 1926, kuma tana cikin waɗanda suka matsa har aka yi dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda ta sa mallakar fili ba ta ba mutum damar gini sai da izini. Daga 1955 aka nemi ƙananan hukumomi su keɓe zoben fili kewaye da garuruwa inda aka taƙaita gini, kuma yau wannan zobe ya kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙasar Ingila. Abin da ya fi burge ni ƙaramin abu ne. A hanyata ta zuwa tashar bas nakan ga takarda cikin leda an ɗaure ta a jikin turken fitila, tana cewa wane ya nemi izinin gina kaza a nan, mai ƙorafi yana da kwana 21. Tsofaffi 'yan fansho su ne suke karanta waɗannan takardu, su kira taro a zauren ƙauye, su rubuta wasiƙu, su je zaman majalisar ƙaramar hukuma su zauna a layin gaba. Haka kuma idan mutanen gari suka tabbatar sun yi shekara 20 suna amfani da wani fili don wasa da shaƙatawa ba tare da an hana su ba, suna iya neman a yi masa rajista a matsayin dandalin gari, kuma hujjarsu ita ce shaidar dattawa da tsofaffin hotuna, daidai da abin da Barista ya lissafa.

Amma dole in ba Malam Mai Haya gaskiyarsa. A nan ma ana zargin masu wannan fafutuka da cewa masu gida ne suke hana marasa gida samu, kuma tsadar gidaje ta kai inda gwamnatin da ta hau a 2024 ta yi alkawarin gina gida miliyan ɗaya da rabi, har da sassauta dokar a wasu sassan zoben.

Ɗan Ruga:

Ni makiyayi ne, ɗan makiyayi. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma burtalin ƙauye irin wanda Ɗan Gandu yake magana mafi yawansu ba a rubuce suke ba, shinge ne na aduruku ko cini-da-zugu hagu da dama, kowa ya san shi. Idan aka toshe shi, saniya ba ta san fuloti ba, ƙishirwa kawai ta sani, za ta bi ta gonar wani, daga nan sai ɓarna, sai tara, sai abin da ba a fata. Abin da nake roƙo, Yaya Ɗan Gandu, ku kira arɗo tun zaman farko. Galibi sai an gama shawara ake tuna mu, alhali tsofaffinmu sun san faɗin burtalin nan taku-taku, daga inda ya taso har mashaya.

Mai Haya a Birni:

Na karanta duka, kuma na yarda da rabin maganar. Idan abin da ake nema shi ne a bar hanyar ruwa da burtali da maƙabarta, ni ma zan sa hannu, domin ni ne zan sayi fulotin da aka cike kududdufi aka yi, ni ne kuma ruwa zai ci. Na ga wani abokin aikina da ya yi gini a irin wannan wuri, duk watan Agusta sai ya ɗora katifu a kan bulo. Amma ina nan a kan bakana game da sauran. Kada kwamitinku ya zama sandar dukan talakan da yake son sayar da gonarsa, ko ya zama hanyar da wasu 'yan gari za su karya farashi su saye da arha, bayan shekara biyar su sayar wa kamfanin da suka kora. Na ga an yi haka, kuma masu babbar murya a taro ne suka yi.

Tsohon Malamin Gona:

Wannan gargaɗi naka yana kan hanya, ɗana, kuma maganinsa shi ne duk ɗan kwamiti ya bayyana a gaban jama'a ko yana da gonar da yake shirin sayarwa ko saye. Ina ƙara jan kunnen matasa a kan ƙarfi. Mu da muka ga zamanin rikicin madatsar ruwa ta Bakolori ba ma son a maimaita. Manoman yankin Talatar Mafara suna da gaskiya a kan gonakinsu da diyyarsu, sun tare hanyoyi, amma a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma aka rasa rayuka masu yawa. A Kenya kuwa, Wangari Maathai ta hana a gina dogon bene a filin shaƙatawa na Uhuru, a fafutukar da ta fara a 1989, da wasiƙu da 'yan jarida da kotu, duk da cewa kotun ta kori ƙararta, domin surutun da aka yi ya sa masu ba da kuɗin suka janye. Ku je gidan rediyo da takardunku a hannu, ku faɗi abin da za ku iya tabbatarwa kawai, kada ku zagi kowa.

Game da dagaci kuma, kada ku fara da zarginsa ko da kuna jin ƙishin-ƙishin cewa ya sa hannu a cinikin. Ku je masa da ladabi ku ce, ranka ya daɗe, mun zo ne ka jagorance mu a shata kayan gari. Idan ya karɓa, kun samu uba. Idan ya ƙi, ya ƙi a gaban shaidu, kuma hakimi zai ji.

Ɗan Gandu:

Iyayena, ga inda aka kwana. Jiya bayan sallar Juma'a liman ya yi magana a kan haƙƙin jama'a, muka zauna a ƙofar gidan dagaci, arɗo ya zo da dattawansa biyu, mata kuma suka wakilto ungozomar gari da wata malamar Islamiyya. Dagaci ya ce shi gona ya shaida, bai shaida burtali ba, kuma ya yarda a taka iyakoki. Da la'asar muka fita da wani tsoho da aka riƙo shi a hannu saboda idonsa ya yi rauni, ya riƙa laluben kututturan aduruku da sandarsa yana cewa nan ne, nan ne, muna kafa turaku muna ɗaukar hoto. A bakin kududdufi ya nuna mana inda suka haƙi ƙasar da aka gina tsohon masallaci, kuma dutsen kamfanin yana ciki da kusan taku ashirin.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Biyu daga cikin magadan sun tashi daga taron cikin fushi, suna cewa so muke a ce su dawo da kuɗin da suka riga suka kashe, kuma wani matashi ya fasa dutse ɗaya kafin mu ankara, dole muka sa shi ya mayar da shi da hannunsa. Safiyon da muka tuntuɓa ya faɗi kuɗin aikinsa, abin da muka tara bai kai rabi ba, don haka za a sake zagayawa da faranti ranar kasuwa. Barista, na tura maka daftarin wasiƙar ƙorafin ta akwatinka, ina roƙon ka duba sakin layi na biyu, domin ban tabbata ko ya dace mu ambaci sashe na 36 tun yanzu ba, ko mu jira amsar ko ƙauyen yana cikin birni. Ranar Litinin da safe za mu kai wa hakimi kwafinsa.

Barista:

Na gani. Ku cire sashe na 36 a yanzu, ku bar wasiƙar a kan wurare ukun nan kawai, ku haɗa da hotunan jiya da sunayen dattawan da suka taka iyaka. Ku buga kwafi biyar, kada ku bar ofis ko ɗaya sai an buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. Shaidar tsohon nan kuma a ɗauke ta a bidiyo cikin makon nan, a rubuta ta, a kai shi ya rantse a kanta, kada a jira safiyo.